Awa 45 a shekara: yadda 'yan Hindu mazauna ƙetare ke koya wa yaransu addini

Yaron da ya tashi a gidan Hindu a Madurai ko Varanasi ba a rataya masa jaka a ce ya tafi ya koyo addini. Sashe na 28 na tsarin mulkin Indiya ma ya hana koyar da addini a makarantun da gwamnati ke ɗauke da dukkan nauyinsu. Ta wasu ƙofofi addinin yake shigarsa: kakar da ke ba shi labarin Rama da matarsa Sita kafin barci, fitilar man da uwarsa ke kunnawa da asuba a lungun bauta na cikin gida, ranakun da ba a sa albasa da tafarnuwa a miya, titin da ke cika da kiɗa idan biki ya zo, da hutun makarantar da ke faɗowa daidai ranar bikin. Ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa dalili. Shi ma bai damu ya tambaya ba, tunda duk unguwa haka ake yi.

To a ɗauki gidan nan a dire shi a Leicester ta Ingila ko New Jersey ta Amurka. Kaka tana can gida, sai ta waya. Diwali, babban bikin fitilu, ya faɗo ranar Talata, kowa yana wurin aiki. A makaranta wani yaro ya tare shi da tambayar me ya sa abin bautarsu yake da kan giwa, ko da gaske ne suna yi wa saniya sujada. Ya kawo tambayar gida, uban da yake likita ko injiniya ya fara kame-kame, domin shi ma gani ya yi ana yi, ba a taɓa karantar da shi ba. Wannan kame-kamen ne ya haifi ajin ƙarshen mako. Abin da aka saba shaƙa kamar iska dole aka mayar da shi darasi mai manhaja da rajista da ƙararrawa. Duk abin da aka zuba a manhaja kuwa sai ya canza kama, domin dole wani ya zaɓi abin da zai shiga, ya bar wani a waje.

Jama'ar da ake magana a kai ba kaɗan ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan Hindu sun ɗan haura miliyan ɗaya a Ingila da Wales, kashi 1.7 cikin 100 na jama'a. A Kanada sun kai wajen 828,000, a Ostireliya wajen 684,000, a Amurka kuma kusan kashi ɗaya cikin 100. Sai dai ba ayari ɗaya ya kai su ba. Akwai tsohon ayari na leburorin kwantiragi da Turawa suka kwasa zuwa gonakin rake bayan an soke cinikin bayi da bautar da su: Mauritius daga 1834, Guyana 1838, Tirinidad 1845, Natal ta Afirka ta Kudu 1860, Suriname 1873, Fiji 1879. Akwai kuma sabon ayari, wato masu digirin da dokar shige da fice ta Amurka ta 1965 ta ba wa hanya, da Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972 da wa'adin kwana 90, yawancinsu Gujaratawa, waɗanda dubbansu suka sauka a Leicester da arewa maso yammacin Landan. Ajin da za mu leƙa na sabon ayarin ne. Indiyawan da ke aiki a Dubai ko Legas matsinsu bai kai haka ba, domin yaransu kan bi manhajar bokon Indiya, kamar a makarantar Indiyawa ta Ilupeju da aka buɗe a 1982, kuma da yawansu ƙafarsu ɗaya tana gida.

Mafi shahara a Amurka da Kanada shi ne Bala Vihar na ƙungiyar Chinmaya Mission, wadda almajiran Swami Chinmayananda suka kafa a Indiya a 1953, reshenta na ƙasashen Yamma kuma ya kafu a 1975. Tana karɓar yaro tun yana ɗan shekara biyar har ya gama sakandare, aji-aji daidai da ajinsa na boko. Ƙungiyar BAPS ta mabiya Swaminarayan, mai katafaren wurin bauta a Neasden na Landan tun 1995 da wani a Robbinsville na New Jersey da aka buɗe a 2023, ta fara tsarin yara tun 1954. Tana kasa su bisa shekaru, maza daban mata daban, ta haɗa musu da darasin Gujarati da jarrabawa irin tata. Mabiya Sathya Sai Baba suna da karatun shekara tara a zango uku, wanda aka ɗora kan ɗabi'u biyar: gaskiya, aikata daidai, natsuwa, ƙauna, da ƙin cutarwa. Ita kuwa Hindu Swayamsevak Sangh, ko HSS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1966 da Amurka a 1989, taronta na Balagokulam ya fi kama da na 'yan sikawut: wasannin guje-guje irin su kabaddi da kho-kho, motsa jiki, sannan gajeren jawabi a gaban tuta mai ruwan goro. Bayan waɗannan akwai ɗaruruwan wuraren bauta masu zaman kansu, inda wasu iyaye mata uku ko huɗu kan harhaɗa manhaja daga duk abin da ya zo hannu.

Abin da minti 90 ke iya ɗauka

Tsarin ranar kusan ɗaya ne ko'ina. A tuɓe takalmi a ƙofa. A taru a babban ɗaki na minti 15 zuwa 20, a ja "Om" sau uku, a karanta addu'ar buɗe karatu ta Sanskirit, tsohon harshen nassosinsu, wadda ke roƙa wa malami da ɗalibi kariya tare, da roƙon kada gaba ta shiga tsakaninsu. A rera bhajan ɗaya ko biyu, waƙen yabo ne da mai jan baki ke bayarwa sauran suna amshi. Daga nan kowa ya nufi ajinsa: kamar minti 15 na hadda, minti 35 zuwa 40 na darasin ranar, ƙananan yara kuma a ƙara musu zane da fenti. A rufe da arati, wato kewaya fitila mai ci a gaban siffar abin bauta, sannan a raba prasad, abincin da aka fara miƙa wa abin bautar kafin mutane su ci.

Yanzu a yi lissafi. Zangon yana farawa a Satumba ya ƙare a Mayu ko Yuni. A cire hutun Disamba, a cire Lahadin da ta faɗa wa biki, da wadda ƙanƙara ta hana fita, da waɗanda aka ci wajen gwajin wasan ƙarshen shekara, abin da zai rage wajen Lahadi 30 ne. Minti 90 sau 30, awa 45 ke nan a shekara, kuma a cikinta ainihin darasi bai wuce awa 20 ba. Yaron da bai taɓa fashi ba a shekara 12 ya samu awa 540. Shekarar boko guda a Amurka kwana 180 ce, sama da awa 1,000. Ashe duk karatun addinin da yaro zai yi daga yarinta zuwa ƙofar jami'a kusan rabin shekarar boko ɗaya ne kawai. Wanda bai sa wannan lissafin a gabansa ba kafin ya rubuta manhaja zai cusa kaya fiye da abin da buhun zai ɗauka, kuma mafi yawan kurakuran ajin daga nan suke tasowa.

Bahaushen da ke Landan ko Houston yana kai yaransa Islamiyyar Asabar da Lahadi zai gane wannan hoton sarai. Bambancin shi ne Islamiyya tana da sanannen tsani: Fatiha, ƙananan surori, alwala, salla. Addinin Hindu ba shi da littafi ɗaya da kowa ya yarda a fara da shi, ba shi da kalmar shiga, ba shi da majalisa ɗaya mai yanke hukunci. Littattafan Veda huɗu ne, doguwar waƙar Ramayana ta Valmiki baiti kusan 24,000 ce, Mahabharata wajen 100,000. Don haka kowace ƙungiya ta gina tsaninta, kuma yawancinsu a wuri ɗaya suka tsaya: labari a ƙasa, ma'anar alamu a tsakiya, falsafa a sama. 'Yan shekara biyar zuwa tara su ji labarin Rama da Hanuman da yarintar Krishna. 'Yan goma zuwa sha uku a faɗa musu abin da kan giwar Ganesha da yawan hannaye da furen da ke tsirowa a ruwa suke nufi, su shiga rikicin Mahabharata. Manya su zauna da Bhagavad Gita, babi 18, baiti 700.

Hadda ita ce wurin da gwanin malami ke bambanta da ɗan koyo. Yawancin baitocin Gita a ma'auni ɗaya suke, gaɓa 32 da aka kasa huɗu, takwas-takwas. Malami ya biya kashin farko sau biyu, yara su maimaita, ya biya na biyu, ya haɗa su, har baitin ya cika, kamar dai yadda ake biya wa yaro allo. Baiti ɗaya a mako shi ne abin da ke zama, muddin za a yi tilawar na baya kowace Lahadi. Shi ya sa babi na 12 da na 15, masu baiti 20 kowanne, suka dace da zango ɗaya har a samu rarar makonnin bita kafin gasar karatu. Babi na 2 mai baiti 72 ko na 18 mai 78 kuwa sai a raba shi ko a zaɓi wani yanki.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a rubutu ne. Yaran da yawa ba su iya karanta baƙaƙen Devanagari ba, saboda haka da baƙaƙen boko ake rubuta musu Sanskirit, a sa ɗigo a ƙarƙashin wasu, a ja layi a kan wasali mai tsawo. Waɗannan alamomin su ne rayuwar karatun. Bāla da jan wasalin farko yaro ne, bala ba ja ƙarfi ne. Kāla lokaci ne, kalā fasaha. Da zarar an kwafi baiti daga wani shafin intanet an tura ta WhatsApp alamomin sun zube, to aji guda zai haddace kuskure, kuma kuskuren da aka rera sau 30 ba ya gogewa da sauƙi. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ya san abin da ke faruwa idan an rubuta ƙasa ba ƙugiya. Wani tarkon kuma Turancin yaran ne. Idan suka ga "th" sai su sa harshe tsakanin haƙora, alhali "t" ce mai ɗan hucin iska. Idan suka ga "c" sai su ce "k" ko "s", alhali lafazinta daidai yake da "c" ta Hausa a kalmar ciki. Maganin da ya tabbata shi ne takarda ɗaya tak da cibiya ta tantance, da muryar mai karatu ɗaya da aka naɗa aka rarraba wa iyaye, yaro ya riƙa ji a mota. Murya biyu masu bambancin lafazi sun fi rashin murya illa.

Addinin wa ake koyarwa?

A aji guda za ka tarar da ɗan Tamil, ɗan Telugu, ɗan Gujarat, ɗan Bengal da ɗan Punjab. Harshen da ya haɗa su Turanci ne, don haka da shi ake darasi. Kalmomin kuwa ba sa tsallakawa lafiya. Dharma ta fi "addini" faɗi, ta ƙunshi haƙƙin da ke wuyan mutum gwargwadon matsayinsa da shekarunsa. Murti, siffar da aka yi wa bikin shigar da rai kafin a fara bauta a gabanta, 'yan Hindu da yawa ba sa yarda a fassara ta da kalmar da ke nufin gunki, domin kalmar ta zo da hukuncin wani addini a cikinta. Cibiyoyin da suka daɗe a aikin sun koyi barin irin waɗannan kalmomi yadda suke, dharma da karma da atman da moksha, su riƙa cika su da misali shekara bayan shekara.

Bambancin aƙida ya fi na harshe zurfi. Chinmaya tana bin koyarwar malamin falsafa Shankara, cewa hakika ɗaya ce, alloli masu yawa fuskokinta ne. 'Yan ISKCON, waɗanda aka fi sani da Hare Krishna, suna cewa Krishna ne maɗaukaki. BAPS ta ɗora Swaminarayan a wannan matsayin. Arya Samaj, wadda aka kafa a 1875, ta ƙi bautar murti gaba ɗaya, ta tsaya kan Veda da hadayar wuta. Ko Diwali ba labari ɗaya ba ne. A arewacin Indiya murnar dawowar Rama birnin Ayodhya ce, a ƙasar Tamil murnar kashe Narakasura da Krishna ya yi, a Bengal daren bautar Kali ne, Gujaratawa kuma washegari suke shiga sabuwar shekara. Malamar da ta koyar da labarin Ayodhya kaɗai za ta tura ɗan Tamil gida ya ce wa uwarsa ba ta san addininta ba, kuma hakan na faruwa.

Abin da manhaja ta fi zubarwa shi ne addinin ƙauye da na dangi: Mariamman da sauran allolin gari, abin bautar zuriya da kowane gida ke da nasa, bakance, yanka. Abin da ke tsira shi ne wanda ke da nassi a Sanskirit kuma yake da daɗin bayani ga maƙwabci Bature. Misali mafi bayyana shi ne nama. Binciken cibiyar Pew na 2021 a Indiya ya gano kashi 44 cikin 100 na 'yan Hindu ne suka ce ba sa cin nama, wato ba su kai rabi ba. Amma yaro zai iya gama aji goma a ƙetare yana ɗauka cewa ɗan Hindu na ƙwarai ba ya cin nama, ya koma yana kallon kifin da ke tukunyar gidansu na 'yan Bengal a matsayin zunubi. Wannan rikicin ya taɓa fitowa fili a Birtaniya lokacin da ake shirin buɗe Krishna Avanti a Harrow, firamaren Hindu ta farko da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, wadda ta fara aiki a 2008. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta farko ta sa ƙin cin nama cikin alamomin mai riƙo da addini, wasu ƙungiyoyin Hindu suka yi ca, aka janye, aka bar wa wuraren bauta su shaidi iyalansu.

Malaman kusan dukkansu 'yan sa-kai ne, iyayen yaran da ke aikin kwamfuta ko asibiti Litinin zuwa Juma'a. Niyya akwai, horo ne ƙaranci. Wanda ya yi karatu a Indiya ya saba da ajin da malami ke magana ɗalibi na rubutu, ga shi a gaban yaran da aka koya wa ɗaga hannu su ce ba su yarda ba. Tsarin da ke aiki shi ne malamai biyu a kowane aji, tsohon hannu da sabo, da littafin jagora mai darasin kowane mako, da zaman karatu na malaman su kansu. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ke ruguza rana. Yawancin azuzuwan hayar ginin makarantar gwamnati ake yi, inda kunna wuta haramun ne kuma hayaƙin turare na tayar da ƙararrawar gobara, sai a koma fitilar batir. Prasad yakan ƙunshi madara da gyaɗa da yazawa, kuma a aji mai yara 20 ba wuya a samu wanda jikinsa ba ya ɗaukar ɗaya daga ciki, don haka dole fom ɗin rajista ya tambaya. Ranar biki ma rigima ce. Kalandar Hindu tana bin tafiyar wata ne tana kuma la'akari da fitowar rana a garin da mutum yake, saboda haka biki na iya faɗowa a Kalifoniya kwana ɗaya kafin Delhi. Kaka ta bugo ta ce yau ne, takardar wurin bauta ta ce jiya ne, taron kuma an ɗaga shi zuwa Asabar don mutane su samu zuwa.

Batun tsaron yara an koye shi ne da tsada. ISKCON ta buɗe makarantar kwana ta farko a Dallas a 1971, wasu suka biyo baya, aka raba ƙananan yara da iyayensu aka damƙa su ga mutanen da ba a tantance ba. A 1998 mujallar ƙungiyar da kanta ta buga bincike kan duka da cin zarafin da aka yi a makarantun a shekarun 1970 da 1980, aka kafa ofishin kare yara. A 2000 tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara, aka sasanta a 2005 kan dala miliyan 9.5. Yau cibiyar da ta san abin da take yi ba ta barin babba ɗaya shi kaɗai da yaro a rufaffen ɗaki, tana binciken tarihin duk mai koyarwa, wanda a Ingila hukumar DBS ke yi, kuma ba ta sakin yaro sai ga wanda sunansa ke rajista. Girman da ake ba guru, wato malamin addini, a wannan addinin yana da yawa, kuma shi ne ke sa yaro da iyayensa su kasa buɗe baki idan abu ya faru.

Shekara sha uku

Ajin 'yan shekara bakwai cike yake, na 'yan sha biyar kujeru ne. Wani ɓangare na dalilin boko ne: jarrabawar GCSE a Ingila, neman gurbin jami'a a Amurka, wasannin makaranta da ke faɗowa Lahadi. Amma babban dalilin shi ne ana ci gaba da ba saurayi abincin goye. Labarin Ekalavya misali ne. Yaro ne ɗan daji da malam Drona ya ƙi koya wa harbin baka, ya je ya gina siffar malamin da laka ya koya wa kansa har ya fi Arjuna, gwarzon ɗalibin Drona, sai Drona ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan malanta, ya yanke ya ba shi. Ga ɗan shekara takwas darasin biyayya ga malami ne. Ɗan sha huɗu kuwa zai tambaya: ba zalunci ba ne wannan? Yarinya za ta tambayi dalilin da Sita ta shiga wuta don ta tabbatar da tsarkinta, da dalilin da ake cewa mai haila ta nisanci wurin bauta. Malamin da ya ce "ba a tambayar wannan" ya gama da ɗalibin, domin kafin su isa gida ya samu amsa goma a wayarsa, ba kuma lalle daga masu son addinin ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta rabe-raben asali da ake gada. Manhajoji da yawa suna bambanta varna, rukunai huɗu da nassi ya ambata, da jati, dubban zuriyoyin da ake haihuwar mutum a ciki. Suna kafa hujja da baiti na 13 a babi na 4 na Gita, cewa rabon bisa hali da aiki ne, suna cewa gadon wariya lalacewar al'umma ce. Iyalan Dalit, waɗanda aka ƙi taɓa kakanninsu har sai da sashe na 17 na tsarin mulkin 1950 ya haramta hakan, da yawansu suna jin wannan bayanin a matsayin share tarihinsu. Rigimar ta fita daga aji ta shiga siyasa. A 2005 da 2006 ƙungiyoyin Hindu suka nemi a gyara littattafan aji shida na Kalifoniya, wasu malaman jami'a, ciki har da Michael Witzel na Harvard, da ƙungiyoyin Dalit suka ja da su, har aka je kotu. A Fabrairun 2023 birnin Seattle ya haramta wariyar asali, a Oktoban shekarar kuma gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya ƙi sa hannu kan irin wannan doka. Matashin da ke karanta waɗannan labarai ba za a rufe masa baki da jimla ɗaya ba. Ajin da ya fi riƙe matasa shi ne wanda ya kawo nassin, ya kawo masu sukarsa daga cikin addinin kansa, ya bar su su yi gardama.

Siyasar Indiya ma tana biyo su. HSS tana da alaƙar tunani da RSS, ƙungiyar kishin Hindu da aka kafa a Nagpur a 1925, kuma wannan kan sa wasu iyaye ɗari-ɗari, wasu kuma shi ne abin da ya ja su. A 2015 wani shirin binciken ƙwaƙwaf na tashar ITV ya nuno mai jawabi yana ɓata wasu addinai a sansanin matasa na HSS a Birtaniya. Hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta bincika, a 2016 ta ce shugabannin sun yi sakaci wajen tantance masu jawabi. Uban da zai tura ɗansa sansanin mako guda na hutun bazara ya kamata ya tambayi sunayen masu jawabi kamar yadda yake tambayar wurin kwana.

Dabarun da suka nuna amfani ba masu wuya ba ne. A mayar da ɗan sha biyar mataimakin malami a ajin ƙanana, a rubuta masa awannin a matsayin hidimar al'umma da makarantarsa ke ƙirgawa. A Ingila wasu cibiyoyi suna shirya yara su zana GCSE na ilmin addinai da zaɓin Hindu, ko na harshen Gujarati, sai Lahadin ta koma abin da ke ƙara maki. Rawar Bharatanatyam da kiɗan gargajiya suna riƙe 'yan mata musamman, domin kowace rawa labarin wani abin bauta ce, ko da yake bikin yaye ɗaliba, arangetram, ya zama gasar kashe kuɗi a wasu wurare. A jami'a kuma akwai masu karɓarsu, Hindu Students Council a Amurka tun 1990 da National Hindu Students' Forum a Birtaniya tun 1991.

Ana yawan kafa hujja da binciken Pew na 2014 a Amurka, wanda ya ce kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka tashi a addinin Hindu suna nan a cikinsa, adadi mafi girma a manyan addinan ƙasar. A yi hattara da shi. Binciken nan dai ya nuna kashi 87 cikin 100 na 'yan Hindun Amurka a waje aka haife su. Abin da aka auna tarbiyyar kakanni a Indiya ce, ba ajin Lahadi ba. Cibiyoyin da kansu sun san awa 45 ba ta maye gurbin gida, shi ya sa da yawansu suke buɗe ajin manya daidai lokacin na yara, don uba ya daina sauke yaro a ƙofa ya wuce kanti, kuma suke ba iyaye aikin minti goma a kullum: kunna fitila, baitin makon, labari ɗaya.

Mai son ganin inda hanyar ke bullewa sai ya dubi tsohon ayari. A Mauritius ajin yamma na ƙauye, baitka, ya riƙe Hindi da karatun Ramayana har aka kai ga koyar da harsunan Indiya a firamaren gwamnati. A Tirinidad makarantun mishan na 'yan Kanada ne suka fara karantar da 'ya'yan leburori daga 1868, kuma sai a 1952 Bhadase Sagan Maraj ya jagoranci kafa ƙungiyar Hindu ta Sanatan Dharma Maha Sabha, wadda yau take da firamare sama da 40. Bhojpuri, harshen da kakanni suka sauka da shi, ya kusa ɓacewa daga bakin jama'a a can. Amma har yanzu ana zaman Ramayana dare bayan dare, pandit, malamin addini, ya rera baitin Ramayana ta mawaƙi Tulsidas da harshen asali, masu amshi da yawa suna bi daga takardar baƙaƙen boko, sannan ya juya ya yi musu fassara da Turancin Tirinidad. Yaran da suka fara Bala Vihar a Amurka a shekarun 1980 su ne iyaye yanzu, wasunsu su ne malaman ajin, kuma addinin da suke miƙawa shi ne wanda suka karɓa a manhaja, da Turanci.